Wa ya cire wasiƙar Barnaba da ta Kilemas daga Sabon Alkawari?

Rifkatu: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana tarihin ikkilisiya. An ce tsohon kundin Littafi Mai Tsarki da aka samo a Dutsen Sina'i yana ɗauke da wasiƙar Barnaba, wani kundin kuma yana da wasiƙun Kilemas guda biyu. In haka ne, wa ya cire su? Kuma da gaske ne a taron Nikiya aka zauna aka tsince littattafan da ake so, aka ƙone sauran?

Malam Ishaku: 'Yata Rifkatu, rabin maganar gaskiya ce, rabi kuma ji-ta-ji-ta. Kundin Sina'i na ƙarni na 4 ne, an rubuta shi da Helenanci a kan fata, kuma shi ne kwafi mafi tsufa da ya kawo Sabon Alkawari cikakke. Bayan Wahayin Yahaya sai ga wasiƙar Barnaba gaba ɗayanta, sai wani yanki na littafin Makiyayi na Harmas. Wani Bajamushe, Tischendorf, ya fara ganin takardun a gidan sufaye na Santa Katarina a 1844, ya sake komawa a 1859. Mafi yawan kundin yana Landan yanzu, tun da aka saye shi daga gwamnatin Sobiyet a 1933 kan fam 100,000. Na biyun da kike nufi shi ne Kundin Iskandariya na ƙarni na 5, wanda ya ƙare da Kilemas ta fari da ta biyu.

Zancen Nikiya kuwa ba shi da tushe. Taron bishop-bishop ne na shekara ta 325, ya zauna ne kan koyarwar Ariyus, wani limamin Iskandariya, game da allahntakar Almasihu, da ranar Ista, ya kuma bar dokoki 20 kan sha'anin bishop-bishop da tsarin ikkilisiya. Babu ko ɗaya cikinsu da ta taɓa jerin littattafai. Abin da sarki Kustantin ya sa a ƙone rubuce-rubucen Ariyus ne. Daga nan ne mutane suka haɗa labari biyu suka mai da shi ɗaya.

Ki kuma lura da inda aka sa waɗannan wasiƙu a kundayen biyu: can ƙarshe, bayan an gama littattafai 27.

Habila: Malam, da izininka, wannan hujja ta ƙarshe ba ta kai yadda ake ɗaukarta ba. A Kundin Iskandariya akwai jerin abin da ke ciki a farkon littafin. Magatakardan ya lissafa wasiƙun Kilemas biyu, sannan ya rubuta jimillar littattafai, sai bayan jimillar ya sa Zaburan Sulemanu a ware. Ke nan a wurinsa Kilemas tana cikin lissafi, Zaburan Sulemanu ne rataye. Haka kuma tarin dokokin nan da ake kira Dokokin Manzanni, na ƙarshen ƙarni na 4, doka ta 85 ta sa wasiƙun Kilemas biyu cikin littattafan Sabon Alkawari. Kada mu nuna wa Rifkatu kamar tun asali kowa ya san iyakar gonar. Akwai kunyoyin da aka daɗe ana gardama a kansu.

Malam Ishaku: Ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Amma gardamar ta bakin gona ce, ba ta tsakiya ba. Linjila huɗu, Ayyukan Manzanni, wasiƙu 13 masu sunan Bulus, Bitrus ta fari da Yahaya ta fari, waɗannan tun wajen shekara ta 200 ana karanta su a matsayin Nassi daga Masar har ƙasar Faransa ta yau, inda Ireniyus yake bishop a Liyon.

Mama Saratu: Bari in kawo wa 'yata shaidar wanda ya rayu a lokacin Nikiya ɗin, ya ma halarci taron: Yusebiyus, bishop na Kaisariya. A tarihinsa na ikkilisiya, littafi na 3 babi na 25, ya kasa littattafan gida-gida. Akwai waɗanda kowa ya yarda da su, wato kusan waɗanda Malam ya ambata. Akwai waɗanda ake jayayya a kansu amma yawancin ikkilisiyoyi sun san su, ya lissafa biyar: Yakubu, Yahuza, Bitrus ta biyu, Yahaya ta biyu da ta uku. Sai gida na uku, waɗanda ya ce ba na asali ba ne ko da yake ana karanta su: Barnaba, Makiyayi, Koyarwar Manzanni da ake kira Didake, Ayyukan Bulus, da Wahayin Bitrus. Can ƙasa kuma ya ajiye na 'yan bidi'a, irin su linjilar Toma da ta Bitrus, ya ce ko kusa da gida na uku ma kada a kai su.

Jeri na farko da ya zo daidai da namu, 27 ba ragi ba ƙari, wasiƙar Ista ce ta 39 da Atanasiyus bishop na Iskandariya ya rubuta a 367, shekara 42 bayan Nikiya. Taron Hippo na 393 da na Kartaj na 397, a Aljeriya da Tunisiya ta yau, suka amince da adadin nan. Kin ga ashe a nahiyarmu ta Afirka aka fi yin wannan aikin. Atanasiyus bai ce a ƙone Didake da Makiyayi ba. Cewa ya yi ba sa cikin ma'auni, amma ubanni sun tsara a riƙa karanta wa sababbin masu bi. Kalmar kanon ɗin ma asalinta kara ne da ake awo da shi.

Malam Sani: Ina biye da ku, kuma ina ƙaruwa. A ilimin hadisi a wurinmu ana duba abu biyu, isnadi da matani: wa ya ji daga wa, sannan me maganar kanta ta ƙunsa. Shin haka magabatanku suka yi da waɗannan wasiƙu? Sannan ita wasiƙar Barnaba da kuke magana, ita ce Linjilar Barnaba da ake yawan kawowa a muhawarori a nan Arewa?

Fasto Dauda: Malam Sani, sannu da ƙoƙari, kwatancinka ya kusa. Ba a bin sarƙar masu ruwaya suna bayan suna kamar yadda kuke yi, amma tambayoyin sun yi kama. Ta farko: manzo ne ya rubuta, ko wanda ya zauna da manzo? Ta biyu: tun da can ana karanta ta a taron sujada a ikkilisiyoyi masu nisa da juna, ko a gari ɗaya kawai aka san ta? Ta uku, wadda ta dace da matani: abin da take koyarwa ya yi daidai da bangaskiyar da ake furtawa a wurin baftisma?

Ga misali na yadda ta farko take aiki. Akwai wani guntun jeri na Latinanci, layi 85, da wani masani ɗan Italiya mai suna Muratori ya samo a wani ɗakin karatu a Milan ya buga a 1740. Yawancin masana suna sa asalinsa a ƙarshen ƙarni na 2, wasu kuma suna kai shi ƙarni na 4. Da ya zo kan Makiyayi, bai ce ƙarya ne ba. Cewa ya yi Harmas ya rubuta shi kwanan nan, a zamaninmu, lokacin da ɗan'uwansa Fiyus yake kan kujerar bishop na Roma, don haka a karanta shi amma ba a gaban jama'a cikin annabawa ko manzanni ba. Laifin littafin shi ne ya makara.

Sunan ƙarya kuwa ba a ɗauke shi da wasa ba. Tatuliyan, wani marubucin Kirista na Kartaj a wajen shekara ta 200, ya ba da labarin wani dattijon ikkilisiya a Asiya da aka kama shi ne ya ƙaga Ayyukan Bulus. Ya ce don ƙaunar Bulus ya yi, duk da haka ya rasa muƙaminsa. Ita ma Tasalonikawa ta biyu 2:2 tana gargaɗi kan wasiƙun da ake cewa daga wurin manzanni suke, a 3:17 kuma an nuna gaisuwa da rubutun hannun Bulus a matsayin alama.

Mama Saratu: Kan tambayarka ta biyu, Malam Sani, suna ne kawai ya haɗa su. Wasiƙar Barnaba tana da babi 21, da Helenanci, an rubuta ta bayan rushe Haikali a shekara ta 70, kafin wajen 135, kuma tana ta nanata cewa Ɗan Allah ya sha wahala a kan gicciye. Linjilar Barnaba kuwa babi 222 ce, kwafinta biyu da aka sani ɗaya da Italiyanci ɗaya da Sifaniyanci, ba wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16. Na Italiyancin yana Biyana, an fassara shi zuwa Turanci a 1907, daga nan ya bazu. Alamun zamaninta suna jikinta. Ta ce shekarar murna duk shekara 100 take zuwa, alhali Littafin Firistoci sura 25 ya ce 50. Fafaroma Boniface na 8 ne ya yi shelar ta shekara ɗari a 1300. Ta kuma sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da yake kan tudu ba a bakin teku ba.

Habila: Ƙari kaɗan don adalci: wani jerin littattafan da aka ƙi, na wajen ƙarni na 6, wanda ake jingina wa Fafaroma Gelasiyus, ya ambaci wata linjila da sunan Barnaba. Suna kawai ya rage, rubutun bai iso gare mu ba, kuma babu abin da ya ɗaure shi da wancan na Italiyanci.

Malam Sani: Na gode. Mu ma malamanmu masu bincike suna jan kunne a kanta, domin a ciki an sa Annabi Isa yana cewa ba shi ne Almasihu ba, alhali Alƙur'ani ya kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam ƙarara. To ita tsohuwar wasiƙar fa, me ya kayar da ita, tunda har ta shiga kundin Sina'i?

Malam Ishaku: Matani ne ya fi kayar da ita. Kilemas na Iskandariya, wanda daban yake da Kilemas na Roma da ake jingina wa wasiƙun nan biyu, ya ɗauka Barnaba abokin tafiyar Bulus ne ya rubuta, shi ya sa ta yi farin jini a Masar. Amma sunan Barnaba bai fito a cikin rubutun ba ko sau ɗaya. Sannan ka karanta abin da take faɗa.

A babi na 9 marubucin ya ɗauki mutane 318 na gidan Ibrahim, adadin da ke Farawa 14:14. A Helenanci haruffa su ne lambobi, kamar hisabin abjadi. Ya ce 18 ita ce harafin iyota, 10, da eta, 8, wato haruffa biyu na farkon sunan Yesu. 300 kuma harafin tau ne mai siffar gicciye. Har ya yaba kansa cewa bai taɓa koya wa kowa magana mafi inganci ba. Matsalar ita ce lissafin a Helenanci kaɗai yake fita, Farawa kuwa da Ibrananci aka rubuta.

Wannan ma da sauƙi. A babi na 10 ya ce Musa bai taɓa hana cin naman alade ba a zahiri. Nufinsa kada ka yi abota da masu halin alade, waɗanda in sun ƙoshi sukan manta da ubangijinsu, in yunwa ta kama su sai kuka. Kwatancin ya yi daɗi, na yarda. Amma da ya zo kan kura, sai ya ce an hana ta domin tana sauya jinsi kowace shekara, bana namiji baɗi mace. A babi na 9 kuma ya ce mugun mala'ika ne ya ruɗe Yahudawa suka ɗauki kaciya ta jiki. A babi na 4 da na 14 ya ce alkawarin ya kuɓuce musu tun ranar da Musa ya fasa allunan dutse. Ka ajiye wannan kusa da Romawa 4:11, inda Bulus ya kira kaciyar Ibrahim hatimi, da Romawa sura 11, inda ya ce Allah bai yar da jama'arsa ba. Ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Barnaba na Ayyukan Manzanni 4:36 Balawi ne, kuma da wuya Balawi ya yi wa Shari'a irin wannan karatu.

Malam Yusufu: Ta Barnaba ba a yi asara ba. Wadda take ba ni tausayi ita ce Kilemas ta fari, don a shekaru tana iya yin sa'a da Wahayin Yahaya, wajen 96. Ikkilisiyar Roma ce ta rubuta wa ta Koranti, babi 65, saboda wasu sun tayar da rikici sun tsige dattawan ikkilisiya ba da wani laifi ba. A babi na 42 da na 44 ta ce manzanni ne suka naɗa shugabanni na farko, suka kuma tsara yadda wasu amintattu za su gaje su, don haka ba daidai ba ne a kori wanda ya yi hidima ba aibu. Babi na 5 yana cikin tsofaffin shaidu kan wahalar Bitrus da Bulus da mutuwarsu, har ya ce Bulus ya kai iyakar yamma. Wajen 170 Diyonisiyus bishop na Koranti ya rubuta wa Roma cewa har lokacin suna karanta ta a taron ranar Ubangiji. Shekara 70 da 'yan kai ana karanta wasiƙa a coci, sannan a ce ba Nassi ba ce? Mu Katolika shi ya sa muke cewa ikkilisiya ce ta yanke, da ikon da aka ba ta.

Fasto Dauda: Ɗan'uwa Yusufu, wasiƙar da kanta ta amsa maka. A babi na 47 cewa ta yi wa Korantiyawa su ɗauko wasiƙar Bulus manzo mai albarka su ga abin da ya rubuta musu cikin Ruhu game da tsattsaguwa. Tana jingina da Bulus ne, ba ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Ignatiyus na Antakiya, ana tafiya da shi Roma a ɗaure zamanin sarki Tirajan, ya rubuta wasiƙu 7, a ta Romawa babi na 4 ya ce ba ya ba su umarni kamar Bitrus da Bulus, domin su manzanni ne. Folikab na Simirna, a wasiƙarsa ga Filibiyawa babi na 3, ya ce shi ko wani irinsa ba zai iya cim ma hikimar Bulus ba. Su da kansu suka ja layin. Ikkilisiya gane shi ta yi, ba ita ta zana ba.

Kuma kar mu manta da babi na 25 na Kilemas, inda ta kafa hujjar tashin matattu da tsuntsun finiks na ƙasar Larabawa, wai yana shekara 500, ya mutu, tsutsa ta fito daga gawarsa ta zama sabon tsuntsu, ya ɗauki ƙasusuwan tsohon ya kai Heliyofolis a Masar. A matsayin gaskiya ta faɗe shi, ba tatsuniya ba.

Habila: Fasto, ba tsuntsun ne ya hana ta shiga ba, don mutanen lokacin da yawa sun yarda akwai shi, Tatuliyan ma ya yi amfani da shi. Kuma in ma'aunin nan uku da ka kawo suna aiki kamar sikeli, ka auna mini Ibraniyawa. Babu sunan marubuci. A 2:3 yana cewa waɗanda suka ji daga Ubangiji ne suka tabbatar mana, alhali Bulus a Galatiyawa 1:12 ya dage cewa ba daga wurin mutum ya karɓa ba. Helenancinta ya fi na Bulus santsi nesa ba kusa ba. Kilemas na Iskandariya ya ce Bulus ya rubuta da Ibrananci, Luka ya fassara. Tatuliyan ya ce Barnaba ne. Orijin, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, ya ce tunanin na Bulus ne, amma wanda ya rubuta, Allah ne ya sani. Jerin Muratori bai ambace ta ba sam. Amma ta shiga, Kilemas ta tsaya a waje.

Mama Saratu: Ɗana Habila, a nan gizo yake saƙar. Ikkilisiyoyin gabas, irin su Masar, sun karɓi Ibraniyawa da wuri. Kundin fafirus na wasiƙun Bulus da ake kira P46, na wajen shekara ta 200, wanda ganye 86 nasa suka rage tsakanin Dublin da jami'ar Michigan, ya sa Ibraniyawa nan da nan bayan Romawa. Yamma, wato ɓangaren Roma, ita ce ta yi ta jan ƙafa, kuma ba don suna kawai ba. Ibraniyawa 6:4-6 ta ce waɗanda aka haskaka sannan suka fanɗare, ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba. Bayan tsanantawar sarki Desiyus a 250, lokacin da masu bi da yawa suka miƙa hadaya ga gumaka don su tsira, ƙungiyar Nobatiyan a Roma ta ce ba za a sake karɓarsu ba, irin wannan aya kuwa ta zame wa masu wannan ra'ayi makami. Wanda yake so ya buɗe wa masu tuba ƙofa ba zai yi ɗokin wasiƙar ba. Sai ƙarshen ƙarni na 4 Jerom da Agustin, manyan malaman yamma, suka bi gabas. Jerom ma cewa ya yi ba kome ko wa ya rubuta, tunda ana karanta ta kullum a ikkilisiyoyi.

Abin da ya raba ta da Kilemas shi ne tsufa da yawan karatu. Kilemas ɗin da kanta, a babi na 36, ta ɗebo jimloli daga Ibraniyawa sura 1. Wadda aka ɗebo daga cikinta ai ta riga zuwa.

Habila: Na yarda da tsufan. Abin da nake so a amsa shi ne ma'aunan ba su yi aiki da nauyi ɗaya ba a kowace wasiƙa. A Ibraniyawa, karatu da koyarwa ne suka rufe giɓin suna. A Yahaya ta biyu da ta uku, ɗaya aya 13 ɗaya ba ta wuce 15 ba, marubucin ya kira kansa dattijo kawai, kamanninsu da Yahaya ta fari ne ya ɗauke su. Kuma ba ko'ina aka gama a 397 ba. Fassarar Suriyanci da ake kira Feshita, ta farkon ƙarni na 5, littattafai 22 gare ta: babu Bitrus ta biyu, babu Yahaya ta biyu da ta uku, babu Yahuza, babu Wahayi. Sai wata fassarar Suriyanci ta shekara ta 508 ta kawo su. Armeniyawa kuma sun daɗe da wata Korantiyawa ta uku a kundayensu.

Rifkatu: To ita Yahuza me aka gani a jikinta? Aya 25 ce kacal.

Malam Ishaku: Aya ta 14 da 15. Ta ɗauko annabcin Anuhu, na bakwai daga Adamu, kusan kalma da kalma daga littafin Anuhu 1:9, wanda ba ya cikin Tsohon Alkawarin Yahudawa. Aya ta 9 kuma ta kawo jayayyar Mika'ilu da Iblis kan gawar Musa, labarin da Orijin ya ce daga wani littafi ne kan ɗaukar Musa. Jerom ya ce saboda Anuhu ne da yawa suka ƙi ta. Tatuliyan kuwa ya juya hujjar: tunda Yahuza ya yi shaida da Anuhu, a karɓi Anuhu. Ikkilisiyar Habasha har yau tana da Anuhu a Littafinta, kuma da harshen Ge'ez ne kaɗai cikakken littafin ya tsira. Sauran suka tsaya a tsakiya: ɗauko magana daga littafi ba ya mai da littafin Nassi, kamar yadda Titus 1:12 ta ɗauko maganar wani mawaƙin Karita.

Bitrus ta biyu ta fi kowace shan tambaya. Sura ta 2 tana bin Yahuza kusan taki-taki, amma ta bar ambaton Anuhu da suna. Ba a sami wanda ya kira ta da suna ba kafin Orijin a ƙarni na 3, shi ma da shakka. Jerom ya lura salonta ya bambanta da ta fari, ya ce wataƙila masu fassara daban Bitrus ya yi amfani da su. Masana da yawa na yau suna ganin wani almajiri ne ya rubuta bayan rasuwarsa. Masu riƙe da Bitrus kuma suna nuna 1 Bitrus 5:12, inda aka ce ta hannun Sila aka rubuta, da Romawa 16:22, inda magatakarda Tartiyus ya sa gaisuwarsa.

Malam Yusufu: Kada a tashi ba a taɓa Yakubu ba, tunda ita ce Martin Luther ya kira wasiƙar ciyawa a gabatarwar Sabon Alkawarinsa na Jamusanci a 1522. Ya kai Ibraniyawa, Yakubu, Yahuza da Wahayi ƙarshen littafi, bai ba su lamba a jeri ba. Ya kuma ƙara kalmar kaɗai a Romawa 3:28, wadda babu ita a Helenanci. Wurin da bangaskiya kaɗai ta fito a rubuce shi ne Yakubu 2:24, kuma can musunta ta aka yi. Taron Katolika na Tirent ya tabbatar da jerin duka a 1546.

Fasto Dauda: Luther ya yi zafi a nan, bai kuwa cire ta ba, mabiyansa ma ba su bi shi a wannan ba. Maganar ita ce Bulus da Yakubu duka sun kafa hujja da aya ɗaya, Farawa 15:6, amma ciwo daban suke yi wa magani. Bulus yana fama da masu cewa sai al'ummai sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓe su, shi ya sa ya nuna an lasafta wa Ibrahim adalci a sura 15, kaciya kuwa sai sura 17. Yakubu yana fama da mai cewa na ba da gaskiya, ga ɗan'uwa tsirara da yunwa a gabansa, ya sallame shi da a sauka lafiya. Shi ya sa ya tafi sura 22, miƙa Ishaku, shekaru da yawa bayan sura 15, don a lokacin can ko Isma'ilu ba a haifa ba. Ayyukan da Bulus ya ƙi ayyukan Shari'a ne a matsayin kuɗin shiga. Ayyukan da Yakubu yake nema su ne na Galatiyawa 5:6, bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

Abin sha'awa, Kilemas ta riƙe biyun ba tare da jin wani karo ba. A babi na 32 ta ce ba ta hikimarmu ko ayyukanmu ake baratar da mu ba sai ta bangaskiya. A babi na 30 ta ce a baratar da mu ta ayyuka ba ta surutu ba. A babi na 12 ta ce Rahab ta tsira saboda bangaskiya da karɓar baƙi. Irin amfanin waɗannan wasiƙu ke nan, suna nuna yadda jikokin manzanni suka fahimci abin da aka bar musu.

Rifkatu: Kolosiyawa 4:16 ta ce a karanta wasiƙar da ke Lawudikiya. Ina take?

Mama Saratu: Ko ta ɓace, kamar wadda 1 Korantiyawa 5:9 ta ambata, ko kuma ita ce Afisawa. Markiyon, wanda aka kora daga ikkilisiyar Roma wajen 144, yana da wasiƙun Bulus 10, kuma Afisawa ce yake kira Lawudikiyawa. P46 da rubutun farko na kundin Sina'i ba su da kalmomin a Afisa a aya ta 1, abin da ya sa ake zaton wasiƙa ce ta zagayawa gari-gari. Akwai kuma wata Lawudikiyawa ta Latinanci mai aya 20 da wani ya harhaɗa don cike giɓin. In kin karanta za ki ga yawancinta guntayen Filibiyawa ne aka ɗinka, babu wata matsala ta gari da take warwarewa, babu sabon abu ko ɗaya. Jerom ya ce kowa ya ƙi ta, amma duk da haka ta maƙale a kwafe-kwafen Latinanci da yawa har ƙarnuka.

In aka turo miki wata wasiƙa a WhatsApp wai ɓoyayya ce, ki fara tambayar da wane harshe kwafinta mafi tsufa yake, na wane ƙarni, kuma a wane ɗakin karatu yake ajiye. Sai ki tambayi wane marubuci na ƙarni na 2 ko na 3 ya ɗauko magana daga cikinta. Suna a jeri bai isa ba, sai an ga jimlar ta dace da rubutun da ke hannu. Daga nan ki duba ko ta san abin da bai faru ba sai bayan mutuwar wanda aka jingina wa.

Rifkatu: Na gode iyaye. Ke nan babu laifi in nemi Kilemas in karanta?

Habila: Babu, sai dai ki duba bugun da kika samu. Kundin Iskandariya ya rasa ganye ɗaya na Kilemas ta fari, daga 57:7 zuwa 63:4, kuma shi kaɗai aka dogara da shi har wani malamin ikkilisiyar Otodoks mai suna Bryennios ya gano wani kundi a Istanbul a 1873, wanda aka kwafa a 1056, ya buga cikakkiyar Kilemas a 1875, Didake kuma a 1883. Tsofaffin fassarorin Turanci da ke yawo kyauta a intanet wasu daga kafin nan suke. In kika ga taki ta ƙare a babi na 59, doguwar addu'ar nan ta babi 59 zuwa 61, wadda ake roƙa wa mayunwata da fursunoni da masu mulki, ba ta ciki. Ki nemi mai babi 65. Kilemas ta biyu kuma wa'azi ce ba wasiƙa ba, ba kuma hannu ɗaya ya rubuta su ba. Cikakkiyarta babi 20 ce, ta tsohon bugu a babi na 12 take yankewa.